Ƙidaya Zuwa Goma

Minti talatin da ɗaya. Abin da matar da ta zo duba darasin ta rubuta ke nan a ƙasan takardar, ta ja masa layi biyu da jan biro, sai ka ce layi ɗaya ba zai isar da saƙon ba. Darasin gaba ɗayansa minti arba'in ne, kuma na koyar da magana ne, wato irin wanda yara ya kamata su yi ta zuba malama tana saurare. To a cikin arba'in ɗin nan malamar ita kaɗai ta cinye talatin da ɗaya. Yara arba'in da shida suka raba taran da ya rage, har da lokacin share allo a ciki.

Malamar 'yar koyo ce, sati uku ke nan da kwalejin horar da malamai ta turo ta wannan makaranta gwajin koyarwa. A gida Rediyo ake ce mata. Babanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana 'yar shekara huɗu, shi da gyaran rediyo ne sana'arsa. Yakan ce wa masu kawo gyara, duk rediyon da ya shigo shagon nan sai da ya gano kansa, ban da guda ɗaya da Allah ya ba shi, wadda aka manta ba a sa mata wurin kashewa ba.

Matar da ta zo duba ta daga kwaleji kuwa Madam Daƙiƙa ɗalibai ke kiranta, a bayan idonta dai. Siririya ce mai gilashi, ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, abin da ya sa ma ake shakkarta ke nan. Takan zauna a bencin ƙarshe tare da yara, gwiwoyinta na dungurar tebur, da ɗan agogo a tafin hannu irin na masu alƙalancin tsere. Malami ya buɗe baki, ta danna. Ya rufe, ta danna. Ba ruwanta da kyan rubutunka a allo ko yawan kwalayen da ka kwana kana zanawa.

Bayan an tashi ta zaunar da Rediyo a ɗakin malamai, kusa da kabad ɗin da ake jibge tsofaffin rajista.

"Malama, kin iya magana," in ji ta. "Wallahi har ni na ƙaru. Amma su wa aka turo ki ki koya wa?"

"Yara, Madam."

"Kin tambayi yarinyar nan ta bakin taga me take fara yi idan ta tashi da safe. Kin san daƙiƙa nawa kika ba ta?"

Rediyo ta girgiza kai.

"Biyu. Tana cikin haɗa bakinta kika ce, 'Kina wanke fuska, ko ba haka ba? Yawwa, zauna.' Ta zauna. Ke kika tambaya, ke kika amsa, ke kika ce yawwa. Ga abin da nake so da ke. In kin yi tambaya, ki rufe bakinki ki ƙidaya goma a zuci. Goma cikakku, ba ƙidayar mai sauri za shi kasuwa ba. Shirun zai yi miki nauyi, ki bar shi ya yi. Ba naki ba ne, na yaron ne, a ciki yake laluben abin da zai ce. Zan dawo nan da sati biyu, ranar Laraba. Idan kika wuce minti goma sha biyar ba zan iya sa hannu ba, kin kuma san abin da hakan ke nufi."

Ta sani. Sai ta maimaita gwajin baɗi, abokan karatunta su karɓi takardar shaida su wuce su bar ta. Ta tsaya ta ji ko tsoro zai zo, ko kunya, ko ɗan haushi ma. Babu wanda ya zo. Abin da kawai ta lura da shi, maɓallin hannun rigar Madam guda ɗaya na lilo da zare, ya kusa faɗuwa. Ta ce ta gode, ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a jaka.

Haka take tun wata guda da ya wuce. Ana saura kwana biyar ta fara gwajin nan Baba ya faɗi a shago, da abin narka dalma a hannunsa. Maƙwabcinsa mai faci ne ya jiyo ƙarar kujera ya leƙo. Kwana goma suka yi a asibiti. Da aka sallamo shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya ɗan karkace, magana kuma ta tafi. Likita ya ce tana iya dawowa a hankali, a riƙa yi masa hira. A ranar da abin ya faru Mama ta yi kuka, ƙannen Baba sun yi kuka, har mai facin sai da ya share ido da bayan hannu. Rediyo ita ce ta cike takardun asibiti, ta riƙe katin, ta tambayi inda ake karɓar magani. Mutane suka yi ta yaba mata dauriya. Ita dai ta san ba dauriya ba ce. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta take, ana taɓa ta tana gani amma ba ta ji.

Bakinta ne kaɗai bai samu labari ba. Shi yana nan yana aikinsa, ya ma fi da.

Da can, tun tana firamare, in ta taso makaranta sai ta biya ta shago. Baba na sunkuye a kan wani rediyo da aka fede, ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "To, Rediyo, labarai." Ita kuma ta ajiye jaka a kan tulin tsofaffin lasifika ta fara: wa aka daka, wa ya yi barci a aji, wane malami ne wandonsa ya yage. Yana ji yana aiki, wani lokaci kafaɗunsa su yi ta rawa don dariya. Har ta shiga kwaleji abin bai canza ba. Yanzu shagon na kulle, an kwaso rediyoyin mutane da ba a gama ba an jera su a ƙarƙashin gadonsa, shi kuma yana kwance a ɗakin gaba, inda taga ke kallon titi.

Kullum da la'asar in ta dawo takan shiga ta karɓi Mama, don Mama ta samu ta ɗora tukunya. Ta gyara masa matashi, ta duba kwalin magani, ta murza masa yatsun hannun da ya mutu kamar yadda aka nuna musu, bakinta na tafiya. "Sannu Baba. Ka sha na rana? Ka sha, ga gurbinsa nan. Zafi ko? Bari in buɗe taga. Hayaniyar masu babur ce ta dame ka, bari in rufe rabi." Shi kuma sai ya kafe ta da ido, haɓarsa ta fara motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓen ya buɗe. Kafin ya kai ko'ina ta riga ta ɗauko kofi. "Ruwa? Ga shi." Ya kurɓa. In ya sake buɗe baki, "Bayi? Bari in kira Mama." Daga nan sai ya lumshe ido ya juya fuska bango. Su a ganinsu sun ƙware ke nan, sun san abin da yake so tun kafin ya wahala. Mama har alfahari take yi wa masu zuwa dubiya: "Ai Rediyo ko motsi ya yi ta san nufinsa."

Labarin makaranta kuwa ko sau ɗaya ba ta ba shi ba. Ba wai ta ɓoye ba ne. Bai zo mata ba ne kawai.

Washegarin zuwan Madam ta gwada ƙidayar. Ta tambayi wani yaro a layi na uku ya bayyana hanyar gidansu daga ƙofar makaranta. Yaron ya miƙe, ya sosa ƙeya, ya dubi rufin aji. Ɗaya. Biyu. Fanka mai fiffike biyu na ta ƙugi a sama. Uku. Wani ya ja benci. Huɗu. "Kana fita ka yi dama, ko?" Ta ji muryar ta fito kafin ta san tata ce. Yaron ya ce e, ya zauna da murnarsa. Ranar Juma'a ta kai shida, shi ma don tari ya sarƙe ta ne.

Yaran ba su da laifi. Sun karance ta tsaf tun satin farko: in ka miƙe ka yi shiru ka ɗan sunkuyar da kai, Malama Sabuwa za ta yi maka aikin, har ta ce ka yi ƙoƙari. Wane ne zai ƙi? Mutum biyar ne kawai ke ɗaga hannu, Monitar ajin ce shugabarsu, yarinya mai murya kamar ta mai shela. Sauran arba'in da ɗaya sun zo zaman benci ne.

Malamin ajin na ainihi, wanda aka damƙa ta a hannunsa, wani mai tumbi ne mai son raha. Tun da aka kawo masa 'yar koyo ya samu hutu, ya tare a ɗakin malamai da ƙullin gyaɗarsa. Da ta nuna masa takardar Madam sai ya yi dariya har yana buga tebur.

"Talatin da ɗaya! Ni a zamanina talatin da biyar na yi, ga ni nan ban mutu ba. Ke, kar ki ɗaga hankalinki. Ki zaɓi mutum biyar masu baki, ki rubuta wa kowa abin da zai faɗa, ya je ya haddace. Ranar Laraba ki kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi minti huɗu, ke kina tsaye kina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Shi ke nan an wuce wurin."

"Malam, ba za ta gane ba?"

"Ta gane mana. Agogo dai take bi, ko ba agogo ba? Ki ba agogon haƙƙinsa."

Da Rediyon da ce, da ta yi masa gardama har a buga ƙararrawa. Wannan kuwa sai ta ce to. Ta zauna ta rubuta jawabi biyar a kan batun da ta sa a tsarin darasi: kowa ya bayyana yadda ake yin wani abu da ya koya a gida. Ta ba Monita yadda ake wanke farin kaya, ta ba wani yadda ake faci, haka dai. Kullum lokacin tara ta tsare su a aji suna maimaitawa. Ta san abin da take yi ba daidai ba ne, kamar yadda mutum ya san yau Talata ce. Sanin bai taɓa ta ba.

Ranar Laraba ta zo da zafi tun da safe. Madam Daƙiƙa ta shigo ana saura minti biyar, ta gaisa, ta wuce bencinta na baya. An ɗinke maɓallin, Rediyo ta lura, amma da zaren da bai dace da rigar ba. Ta rubuta batu a allo, ta yi bayani a taƙaice kamar yadda ta shirya, minti uku. Ta kira Monita. Monita ta miƙe ta sako jawabin farin kaya tun daga jiƙo har shanya, ba gargada, ba numfashi, idonta a sama kamar mai karanta rubutu a silin. Aka tafa. Na biyu ya tashi ya yi facinsa. Shi ma aka tafa.

Tana shirin kiran na uku sai Madam ta ɗaga biro.

"Malama, yi haƙuri. Ba ni aron rajista."

Aka miƙa mata daga hannu zuwa hannu. Ta buɗe, ta bi da yatsa, ba gaggawa. Ashe malamin aji bai faɗi ƙarshen labarin ba, ko kuma a zamaninsa ba a yi Madam ba.

"Lamba talatin da takwas. Ita za mu ji yanzu, in ba damuwa."

Kawuna suka juya bakin taga. Yarinyar nan ce dai, ta daƙiƙa biyu. 'Yar ƙarama ce, rigar makarantar ta yi mata yawa, an naɗe hannun sau biyu. A sati biyar ɗin da Rediyo ta yi a ajin ba ta taɓa jin muryarta ba, in ban da amsa kiran suna. Yarinyar ta miƙe tana riƙe da gefen tebur.

"Gaya mana yadda ake yin wani abu da kika koya a gida," in ji Rediyo. "Kowane ne."

Ta ji ƙarar danna agogo daga baya. Ta fara ƙidaya.

Ɗaya. Biyu. Uku. Yarinyar na kallon tebur. Huɗu. A nan ne kullum bakin Rediyo ke ƙwacewa, kuma ga maganar ma ta taso, tana kan harshe: shara, ko wanke-wanke, kin iya wanke-wanke ai. Sai yarinyar ta ɗago. Haɓarta ta fara motsi. Wata 'yar jijiya ta miƙe a wuyanta, leɓen ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

Rediyo ta san wannan fuskar. Kullum da la'asar take ganinta.

Ba dabara ta yi ba, kar a ba ta ladan da ba nata ba. Maganar da ke kan harshenta ce kawai ta ɓace, kanta ya zama wayam. Ta tsaya da alli a hannu tana kallon bakin yarinyar, ƙidayar na tafiya da kanta. Bakwai. Takwas. Wani ya yi 'yar dariya a tsakiya. Monita ta ɗaga hannu tana kaɗa yatsu, "Malama ni, Malama ni." Goma. Sha ɗaya. Ajin ya fara tsarguwa, don ba su taɓa ganin Malama Sabuwa ta yi shiru haka ba. Mai dariyar ya daina. Monita ta sauke hannu a hankali. Sha biyar. Ana jin malamin aji na kusa yana jan yara karatu ta bango. Sha bakwai.

"Zobe," in ji yarinyar.

Muryar ƙasa-ƙasa, a dushe. Rediyo ba ta ce yawwa ba.

"Idan zobe ya maƙale a yatsa." Ta haɗiye yawu. "Ba a ja. In aka ja yatsan kumbura yake yi." Ta sake tsayawa, tsayawa mai tsawo, har wani ya yi tari. "Sai a samo zare. Zaren ɗinki, mai ƙarfi. A tura bakinsa ta ƙarƙashin zoben da tsinke. Sai a naɗe yatsan da sauran zaren, a matse, tun daga zoben har gaɓa. Sai a kama bakin nan na ƙasa a riƙa warwarewa. Zoben da kansa zai riƙa tafiya."

"Ƙarya ne!" wani ya ce daga baya. "Sabulu ake sawa."

Yarinyar ta juya gaba ɗaya ta dube shi. "Sabulu ba ya yi in ya kumbura. Na yayata kwana biyu ya yi, an sa sabulu, an sa mai. Har an ce a kai ta wurin maƙeri a yanke. Kakata ce ta cire da zare."

"Bai yi mata zafi ba?" Monita ce, kuma wannan tambayar ba a haddace ta ba.

"Ta yi ihu mana. Amma ai ya fita."

Aka kwashe da dariya, ita ma yarinyar ta rufe baki da hannun rigarta. Daga nan aji ya ɓalle. Mai sabulu ya ce shi ma bari ya faɗi yadda ake ciro guga in ya faɗa rijiya. Wata ta ce ba haka ake yi ba. Wani da bai taɓa ɗaga hannu ba ya ce shi ya san yadda ake kama kaza ba tare da an bi ta da gudu ba, aka ce sai ya faɗa. Rediyo ba abin da take yi sai nuna mai magana da alli, in sun haɗa baki ta ɗaga hannu. Sauran ukun da suka haddace jawabi ko ta kansu ba a bi ba. Tana tsaye a gaban allo tana jin su kamar daga wani ɗaki, har aka buga ƙararrawa.

A ɗakin malamai Madam ta juyo mata da takardar. Minti bakwai. Babu layi a ƙarƙashi.

"Biyun farko ke kika rubuta musu," in ji Madam. "Yaro ba ya cewa 'daga bisani'. Na yafe wannan, kar ki sake. Amma abin da kika yi wa yarinyar nan, shekara da shekaru ina duba malamai, ba su fi a ƙirga da yatsu ba waɗanda suka iya tsayawa haka. Daƙiƙa goma sha tara agogona ya nuna. Yaya aka yi kika daure?"

"Ban sani ba, Madam."

Gaskiya ta faɗa, Madam kuma ta ɗauka kunya ce. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta ce Allah ya sa albarka. Malamin aji ya miƙo mata gyaɗa yana cewa ai ya gaya mata, dabararsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Rediyo ta karɓi gyaɗar. Ta ci gwaji, ba za ta maimaita shekara ba. Ta faɗa wa kanta haka sau biyu a cikin motar haya, ko za ta ji daɗi. Ba ta ji ba. Kallon bayan wuyan direba kawai ta yi ta yi har aka zo inda take sauka.

Ta tarar da Mama a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti.

"Yaya aka yi da matar agogon?"

"Ta sa hannu. Na wuce."

"Alhamdu lillahi! Kai, madalla. Shiga ki karɓe ni, tun ɗazu Babanku yake ta kallon ƙofa, na ba shi ruwa ya ƙi, na juya shi ya ƙi. Ban san me yake so ba yau."

Ɗakin na warin man zafi da sabulun wanki. Rana ta shigo ta rabin taga ta kwanta a kan zanin gado. Baba na jingine da matashi biyu, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Ƙarƙashin gadon ga eriyar wani rediyo ta leƙo, wadda kullum take cewa za ta tura ciki.

"Sannu Baba," ta ce. Ta ajiye jaka. Ta duba kwalin magani, gurbin rana babu komai.

Ya kafe ta da ido. Haɓar ta fara motsi.

Hannunta ya riga ya kai kan kofi. Ta ga hannun a can. Sai ta sake shi, ta jawo kujerar roba ta zauna daidai fuskarsa, ta haɗa hannuwanta a cinya. Ɗaya. Biyu.

Ashe shirun ɗaki ya fi na aji nauyi. A aji akwai fanka, akwai benci. Nan ba komai sai numfashinsa, da yadda yake kokawa da bakin da ya ƙi bin umarni. Biyar. Shida. Ya tsaya, ya dube ta, ya dubi kofin, kamar yana jira a miƙo masa kamar kullum a rufe zancen. Ba ta motsa ba. Goma. Ya ja numfashi ya sake farawa. Wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Yawu ya gangaro ta gefen da ya karkace, hannunta ya yi ƙaiƙayin ɗauko tsumma, ta danne shi da ɗayan. Sha takwas. Sha tara. Ashirin.

Mama ta ɗaga labule, faranti a hannu. "Ke, ba ki gani ba ne? Ruwa yake so."

"Mama, bari."

"In bari kamar yaya? Dubi yadda yake wahala."

"Don Allah Mama. Bari kawai."

Ko muryar ce ta ba Mama mamaki, ko rashin yawan maganar, ta tsaya a bakin ƙofa. Ashirin da takwas. Gumi ya tsattsafo a goshin Baba. Rediyo ta ɓata lissafi a wajen talatin da wani abu, ta daina ƙidayar, ta zauna kawai.

"Re," in ji shi. Ya rufe ido, ya buɗe. "Re…diyo."

Farantin ya karkace a hannun Mama, shinkafa ta zubo a kan siminti, babu wanda ya duba.

Bai gama ba. Haɓar na nan tana aiki. Suka jira shi, su biyu yanzu.

"La…ba…rai."

Wata guda ke nan da dawowarsa gida. Kullum da la'asar in ta shigo abin da yake ɗaukowa ke nan tun daga inda maganarsa ta maƙale, yana jawo shi da ƙyar, ita kuma ta tare shi da kofin ruwa. Ya sha ruwan nan ya fi sau ɗari, ba don ƙishi ba.

Abin da ya ƙi zuwa a asibiti, ya ƙi zuwa a ɗakin malamai, ya ƙi zuwa a motar haya, yanzu ya zo gaba ɗaya, kuma da ciwo ya zo, kamar yadda ƙafar da ta yi sanyi ke yi in jini ya dawo mata. Tausayinsa, da kunyar abin da ta yi masa, da kewarsa alhali ga shi a gabanta. Ga labarai kuwa fal: matar agogo, malami mai gyaɗa, minti talatin da ɗaya, zobe da zare. Ta buɗe baki ta fara, babu abin da ya fito. Ta sake buɗewa. Haɓarta na rawa, hawaye na sauka a kan hannuwan da ta haɗa a cinya.

Mama ta share ido da gefen zani, ta matso da sauri don ta taimaka. "Ai ta wuce, Malam. Matar nan da ke zuwa duba su ce ta…"

Baba ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya tsayar da ita. Bai dubi Mama ba, 'yarsa yake kallo. Ya mai da hannun kan zanin gado, ya gyara kansa a jikin matashi, ya jira.